Yaro mai ƙiba da ciwon asma: a fara gyara numfashi kafin a taɓa kwanon abinci

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, in hazon hunturu ya lulluɓe Kaduna, ɗakunan ganin yara a asibitoci kan cika da masu tari da kukan ƙirji. A cikinsu akwai waɗanda jinyarsu ta fi wuya: yaran da ke da asma kuma jikinsu ya yi nauyi fiye da kima. Su ciwon ya fi tasar wa a kai a kai, su ne suka fi daɗewa a gado in an kwantar da su, kuma magani bai cika kama su da wuri ba.

A wajenmu ƙibar yaro ba abin damuwa ba ce. In kumatu suka ciko sai a ce tubarkalla, ana samun kulawa. Ba laifin kowa ba ne, domin tamowa har gobe tana kashe yara a Arewa, kuma uwar da ta ga ɗanta ya murje ba za ta so a ce mata da gyara ba. Sai dai rayuwar birni ta sauya. Daga Malali da Barnawa har Rigasa da Tudun Wada, yaro yana tafiya makaranta a Keke Napep, ya dawo ya wuce Islamiyya, ya dawo ya zauna da waya a hannu, ga Indomie ga kwalbar lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, miliyan 160 daga ciki sun kai matakin teɓa, wato ƙibar da ta yi tsanani. A 1990 waɗanda nauyinsu ya wuce kima kashi 8 cikin 100 ne, a 2022 sun kai kashi 20.

Kowanne yana jawo ɗan'uwansa

A 2018 mujallar Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan bayanan asibiti na yara sama da dubu 500. An ga cewa yaro mai teɓa ya fi mai matsakaicin jiki haɗarin kamuwa da asma da kusan kashi 30 cikin 100. Shekara guda kafin nan, wani binciken da ya bi 'yan makaranta a kudancin Kalifoniya na kimanin shekara goma ya nuna ɗaya fuskar: yaran da suka fara da asma ba tare da teɓa ba, sun fi sauran yiwuwar yin teɓa daga baya da kusan kashi 50 cikin 100. Abin lura a wannan binciken shi ne, waɗanda ke shaƙar maganin buɗe ƙirji in ciwo ya taso, haɗarin ya ragu a kansu.

Yadda asma ke haifar da ƙiba ba ya buƙatar dogon bayani, a gidajenmu ake yin sa. Yaro ya yi gudu ya dawo yana haki, hankalin uwa ya tashi, ta ce kada in ƙara ganin ka a filin ƙwallo. A rubuta wa malami takarda a cire shi daga motsa jiki. Tunda an hana shi fita, a rarrashe shi da biskit da Maltina. Duk sanda ƙirji ya riƙe a je kemis a karɓo ƙwayoyin sitiroyid masu kashe kumburi, wato prednisolone ko deksa, su kuma suna buɗe ciki. Bayan shekara biyu kaya sun matse, numfashin kuma ya fi da muni. An gudu ba a tsira ba.

Ɗaya ɓangaren, wato yadda ƙiba ke taɓa huhu, shi ne ke son a tsaya a kansa. Huhu ba ya jan iska da kansa. Akwai wata faffaɗar tsoka a ƙarƙashinsa da ta raba ƙirji da ciki, ita ke sauka ta zuƙo iska. In kitse ya taru a tumbi sai ya tokare ta daga ƙasa, kitsen ƙirji kuma ya danne haƙarƙari. Sai numfashi ya zama gajere-gajere, iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi ta ragu. Wannan ragowar iskar ita ke riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe. In ta yi kaɗan sai su tsuke, musamman in yaro ya kwanta rigingine.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yara, saboda suna kan girma. A da yawa daga masu ƙiba, huhu kan yi girma ya bar hanyoyin da ke kai masa iska a baya. Kamar tulu ne mai babban ciki da ƙaramin baki: yana cin ruwa da yawa, amma juyewa sai a hankali. Ga shi kuma kitse ba ajiya ba ce kurum. Yana zuba sinadarai cikin jini, irin su leptin, masu rura kumburi, yayin da adiponectin mai kwantar da shi ke raguwa. A wasu yaran irin wannan kumburin ba ya jin inhelar sitiroyid, wato maganin shaƙa mai kashe kumburi, yadda na ƙura ko gashin mage ke ji. A wani dogon bincike da aka yi wa yara sama da dubu ɗaya a Amurka da Kanada, an ga budesonide, ɗaya daga irin wannan inhelar, bai yi wa masu ƙiba aiki kamar yadda ya yi wa sauran ba. Wannan ba ya nufin a daina inhela. Yana nufin ƙara yawan magani kaɗai ba zai fitar da yaron ba.

A auna, kada a ƙiyasta da ido

Ana lissafin BMI, wato ma'aunin nauyi bisa tsawo, da raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau tsawo. Yaro namiji ɗan shekara 10 mai tsawon mita 1.40 da nauyin kilo 45: 1.40 sau 1.40 ya ba da 1.96, a raba 45 da shi a samu kusan 23. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a duba wannan da ma'aunin manya a ce lafiya lau. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji ɗan shekara 10 in ya haura 18.5 nauyinsa ya wuce kima, in ya haura 21.4 teɓa ce. Mace mai wannan shekarun, 19.0 da 22.6. Kowace shekara da iyakarta, don haka a nemi ma'aikacin lafiya ya ɗora a jadawali.

A gida, igiya ta isa. A yanki igiya daidai tsawon yaro daga ƙafa zuwa kai, a ninka ta biyu, a zagaya masa ita a tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin kwankwaso, yana tsaye bai tsuke ciki ba. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen tumbi ya yi yawa, kuma shi ne wanda ya fi shafar numfashi. A duba bayan wuya da hammata ma. In fata ta yi baƙi ta yi kauri, ba dauɗa ba ce, a daina dirje shi da soso. Alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, a gwada sukari.

Ba kowane haki ne asma ba

Yaro mai nauyi in ya hau bene zai yi haki ko da huhunsa garau yake. Irin wannan hakin da ya tsaya minti biyu ko uku ya wuce. Na asma daban yake: yakan taso bayan an ɗan jima da fara gudu ko bayan an tsaya, da tari da fito a ƙirji, ya ɗauki rabin awa ko fiye, kuma yana tayar da yaro cikin dare ko da asuba. An sha ɗora yara masu ƙiba kan maganin asma shekara da shekaru ba su da ita, an kuma sha barin masu ita ana cewa ai jiki ne ya yi masa yawa.

Daga shekara biyar ko shida yaro zai iya yin gwajin hura iska. Zai hura cikin na'ura da iya ƙarfinsa, a ba shi salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, a jira minti 10 zuwa 15 ya sake. In iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ta ƙaru da fiye da kashi 12 cikin 100, wannan hujja ce mai ƙarfi. Wurin tambayar wannan gwajin shi ne sashen yara na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Tarin da ya wuce mako biyu, da zazzaɓi ko gumin dare, a yi gwajin tarin fuka tukuna, ko da yaron ba ramamme ba ne.

Inhela iri biyu ce, kuma ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba

Shuɗiyar, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, tana buɗe hanyar iska cikin mintoci, aikinta ya ƙare bayan kamar awa huɗu. Ba ta taɓa kumburin da ke ƙasa. Mai kashe kumburi ita ce mai sitiroyid: beclometasone, budesonide, fluticasone, ko haɗe-haɗe irin su Seretide da Symbicort. Launinsu ya bambanta da kamfani, don haka a karanta suna. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin jinyar asma na duniya, ta daina amincewa a bar matashi ko babba a kan shuɗiyar ita kaɗai. In yaro yana neman ta fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashin sa da dare, ko an ƙarar da gwangwani uku a shekara, ciwon bai kwanta ba, a koma wurin likita.

Iyaye kan ce, likita, ba ma so ya saba da ita, ance tana bin jiki, kuma ga shi da ma yana da ƙiba za a ƙara masa sitiroyid. Inhela ba ta bin jiki. Batun ƙiba kuwa, a duba adadi. Abin da ake shaƙa a rana yakan zama maikirogiram 100 zuwa 400, yana sauka kai tsaye a huhu, ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Ƙwayar prednisolone guda mai miligiram 5, maikirogiram 5,000 ce, kuma yaro mai kilo 40 in ciwo ya tashi yakan sha takwas a rana, duk su bi jini su zagaye jiki. Wanda ya guji inhela, ƙwayoyin zai ƙare da su. Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce inhelar sitiroyid na iya rage tsawon yaro da kimanin santimita ɗaya in ya girma. Asmar da ba a kula da ita ba ma tana hana girma, ban da abin da ya fi haka.

Mafi yawan abin da ake kira magani ba ya yi, rashin iya shaƙa ne. In aka fesa kai tsaye a baki, akasarinsa a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Sai an sa sifesa, wato bututun roba da ke shiga tsakanin inhela da baki. In babu, robar ruwa ko ta lemo mai mililita 500 tana yi. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada ta, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1999, kuma ta yi aiki daidai da ta kanti. A zana siffar bakin inhelar a gindin robar, a huda da wuƙa mai zafi yadda bakin zai shige ya matse ba tare da iska na fita ba. A wanke robar da ruwan sabulun wanke-wanke, kada a ɗauraye sosai kuma kada a goge da tsumma, a bar ta ta bushe da kanta, don gogewa na sa magani ya manne a jikinta. Wajen amfani, a girgiza inhelar, a cusa ta a ramin, yaro ya kama bakin robar da leɓɓansa, a matsa sau ɗaya tak, ya yi numfashi biyar ko shida a hankali. A cire, a sake girgizawa, sannan a yi na biyu. Matsawa biyu a jere asarar magani ce. Ƙaramin da bai iya kama baki ba yana buƙatar mai marfin fuska. Bayan mai sitiroyid a kurkure baki a tofar, in ba haka ba farin kurji na iya fitowa a harshe, murya ta dishe.

A rubuta ranar da aka buɗe gwangwani a jikinsa. Mai fesa 200, in ana yin biyu da safe biyu da dare, kwana 50 zai yi. In ya kai wata huɗu bai ƙare ba, ba a shaƙa, kome yaro ya faɗa. Matasa sun fi kowa wannan, don suna jin kunyar abokai su gani. A ajiye ta kusa da buroshin haƙori. Da azumi kuma sahur da buɗa-baki sun wadatar da mai sau biyu a rana.

Ƙwayoyin sitiroyid suna da wurinsu: kwana uku zuwa biyar in ciwo ya yi tsanani, bisa nauyin yaro, da umarnin likita. Matsalar ita ce mai kemis ya ba da sau ɗaya, aka ga sauƙi, sai aka mayar da shi na kullum. Akwai kuma 'yan mata masu shan deksa da gangan, cikin haɗin da ake kira sha-ka-fashe, don su yi jiki. Alamarsa fuska ta kumbura ta zama zagaye, tumbi ya fito ƙafafu sun siranta, fatar ciki da cinya ta tsattsage, tsawo ya tsaya. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa. Likita ne zai rage a hankali.

Sai motsi

In an yi mako biyu zuwa huɗu kan maganin da ya dace, dare ya lafa, a mayar da yaro fili. Abin da ake so ga ɗan shekara 5 zuwa 17 shi ne minti 60 a rana, amma wanda ya shekara a zaune ba da haka zai fara ba. Minti 10 zuwa 15 na tafiya da sauri, a ƙara minti biyar kowane mako. Ma'aunin shi ne ya iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda gudu ke tayar wa tari ya shaƙi salbutamol sau biyu minti 15 kafin ya fara, ya ɗumama jiki na minti goma, inhelar kuma tana aljihunsa, ba a ofishin hedimasta ba. Wasa mai gudu da tsayawa, kamar ƙwallo, langa ko 'yar gala-gala, ya fi dogon gudu sauƙi a ƙirji.

Da hunturu busasshiyar iska mai sanyi ita ce abokiyar gaba. A bar sanyin asuba, a jira rana ta ɗaga ko bayan la'asar, a shaƙi iska ta hanci, a rufe hanci da baki da mayafi ko takunkumi. Ranar da hazo ya yi kauri a yi tsallen igiya a ɗaki. Fili irin Dandalin Murtala ya fi gefen titin Nnamdi Azikiwe da tireloli ke ta hayaƙi. 'Yan mata su ake mantawa: kafin balaga asma ta fi yawa a maza, bayanta ta koma kan mata, daidai lokacin da ake ce musu sun girma su zauna a gida. Tsakar gida da igiya da ƙanne biyu sun isa, haka tafiya Islamiyya da ƙafa.

Abinci kuwa, a fara da abin sha. A duba jikin kwalba: in an rubuta sukari giram 10 a kowace mililita 100, to mai mililita 500 giram 50 ke nan, cokalin shayi kusan 12. Zoɓo da kunun aya da fura da nono na sayarwa su ma ana zabga musu sukari, na gida sun fi don hannunki ne ke zubawa. Tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannun yaron, miya da ganye su fi yawa, ga wake, alala, kwaɗon zogale, yalo, gwaiba. Kuɗin tara a rage shi, a sa masa dafaffen ƙwai ko gyaɗa a jaka. Ga yaro mai tasowa, burin ba rama ba ne. Nauyi ya tsaya, tsawo ya kamo shi. Matashin da ya gama tsawo ne ake so ya sauke, shi ma kada ya wuce rabin kilo a mako. Ban da shayin rage ƙiba, ban da hana cin abinci. Hana nono, ƙwai, kifi da ayaba wai suna tayar da asma ba shi da tushe, sai in an ga wani takamaimai yana sa yaron ƙaiƙayi ko kumburi. Kuma tukunya ɗaya za a yi wa kowa, a shigar da Hajiya kaka cikin shawarar, don in ba da ita aka yi ba, alawa za ta ci gaba da fitowa daga ɗakinta. Masu kiran sa ɗan lukuti a tsawata musu. Yaron da ake yi wa dariya ba ya fita wasa.

Abu biyu kan ɓata duk wannan aikin. Na farko minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, yaro ya tashi da ciwon kai yana gyangyaɗi a aji. A kai shi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a cikin Kaduna. Cire belu wurin wanzami ba ya maganin wannan, ba ya maganin tari. Na biyu ƙwannafi, wanda tumbi ke ƙarawa: a ci abincin dare awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Cikin ɗakin da yake kwana kuma a fitar da turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya, a ɗaura gidan sauro. Janareta da murhun gawayi su yi nesa da taga, shara a yayyafa ruwa kafin a yi.

In ciwo ya tashi

A jikin yaro mai ƙiba ba a cika ganin lotsawar haƙarƙari ba, kitse ya rufe, shi ya sa ake raina tsananin ciwonsu. A duba ramin wuya da ƙofofin hanci, a saurari maganarsa. In ba ya iya ƙarasa jimla, ko ɗan sama da shekara biyar yana numfashi fiye da 30 a minti, ko leɓe da harshe sun sauya launi, ko ya yi laushi yana lumshe ido, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana fama, asibiti za a nufa nan take. A zaunar da shi, kada a kwantar. A ba shi salbutamol ta sifesa, ɗaya bayan ɗaya, huɗu zuwa goma ga ɗan shekara shida zuwa sama, biyu zuwa shida ga ƙarami, a maimaita bayan minti 20 har sau uku, ana yi ana tafiya. Ban da ɗura masa zuma, manja ko jiƙo, zai iya shaƙewa.

Bayan an sallame shi a koma ganin likita cikin kwana biyu in da hali, kada dai ya wuce mako, ko da ya warware. A tafi da duk inhelolin da sifesar da kwalayen ƙwayoyin da aka saya a kemis, yaron ya shaƙa a gaban likita a ga yadda yake yi, a kuma auna nauyi da tsawo a rubuta a kati don a sami abin kwatantawa bayan wata uku.